Bugun Babanmu a Waƙar Mutumin Koriya

Tun ranar da na dawo daga Umara bakina bai huta ba. Wadda ta zo karɓar dabino sai ta miƙe ƙafa ta ce a ba ta labari, wadda ta zo shan zamzam ita ma haka, har da masu aiko yara su tambayo me ya sami shaddar da na sauka da ita, mai huji a gefen hannu. Na gaji. Tun da Allah ya sa na koyi riƙe biro, ko da yake sai da furfura ta fito mini, ga shi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta, wadda ba ta iya ba ta zo ajinmu na yaƙi da jahilci, akwai sauran benci. Kuma tun yanzu in faɗa muku, ibadar da na yi tsakanina da Ubangijina ce, ba ita zan baje a nan ba. Labarin mawaƙi zan ba ku, mutumin Koriya, kuma a Makka na samo shi. Mai jin haushi ta rufe takardar.

Duk wanda ya san gidanmu a Kura ya san ina da yaya, Yaya Hajara, wadda ta tafi aikin Hajji tun ina goyon ɗana na fari ba ta dawo ba. Can ta zauna ba takarda, can ta yi aure, can ta binne miji, can kuma ta binne 'yarta ɗaya tilo, Maryam. Abin da ya rage mata a duniya jika ce, Rawan, wadda ta rena tun tana rarrafe. Ana gobe zan tashi Yaya ta kira ni a waya, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba.

"Asabe, yarinyar nan za ta tafi ta bar ni. Ubanta ya ba ta ɗaki a Jidda. Waƙoƙin wasu mutane sun shiga kanta. Ki zo ki yi mata faɗa, ke ce mai baki a gidanmu."

Na san abin da tafiyar ke nufi. Yaya idonta ya kusa rufewa, Rawan ce mai ɗiga mata magani, mai yi mata cefane. Kuma wanda ba shi da igama, wato takardar zama, ba ya haye shingen bincike na hanyar Jidda. In yarinyar ta tafi, Yaya ba za ta iya bin ta ko da ziyara ba. Saboda haka na haɗa kayana da faɗana a jaka ɗaya.

Jirgi ba shi da wani labari, sai dai abincin da suka ba mu ko jaririn da aka yaye ba zai ƙoshi da shi ba. Labari a Jidda ya fara. Ana saura kwana kaɗan in tafi surukata ta zage ta yi mini lalle baƙi ƙirin har kan yatsu, wai kada a ce 'yan Kura ba su san kwalliya ba. Da na iso gaban ma'aikacin shige da fice ya ce in ɗora yatsu a kan gilashi. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Ya goge, na sake, ta ƙi. Ya ba ni wani mai na shafa, ta ƙi. Matar da ke bayana, wata 'yar Katsina, ta ce, "Baba ki danna da ƙarfi mana." Na ce mata, "In na danna da ƙarfina ke za ki saya musu sabuwa?" Da ƙaramin yatsan hagu aka samu ta karɓa, wanda lallen bai kama sosai ba saboda a kansa na kwana. Daga nan aka buɗe jakata aka ci karo da daddawa. Yaron da ya buɗe ya ja da baya har ya taka ƙafar abokinsa. Na tattaro ɗan Larabcin Islamiyya na ce masa abinci ne. Ya dube ni da tausayi, ya rufe jakar da yatsa biyu, ya ce, "Yalla ya Hajja, yalla."

A Tandabawi aka sauke mu, wani tsohon otal a kan tudu, lifta kamar akwatin gawa, in mutum uku sun shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Da safe suna karyawa da wake dafaffe da aka dama da mai, ful suke ce masa, da wani burodi mai faɗin faifai. Ba laifi. Abin da ya ba ni mamaki kyanwoyinsu ne, ƙato-ƙato, suna kwance bakin shago ba mai ce musu kyas. Na yi Umarata, na gode wa Allah, na huta ƙafa, sannan na nemi unguwar Mansur, inda Yaya take zaune.

Mansur kam ba sai an yi maka jagora ba, hanci ne zai kai ka. Ga mai tsire, ga mai fura da ƙwarya, ga wata tana suyar awara tana zagin ɗanta da Larabci tana ƙarasawa da Zazzaganci. Kowa Hausa yake yi amma rabinta aro ce. Na tambayi wani saurayi gidan Hajara 'yar Kura, ya ce in miƙe ala ɗul, in na ga bagala in karya yamin. Na ce, "Ɗana, in za ka yi Hausa ka yi, in Larabci ne ka bari in zauna tukuna." Ya yi dariya ya raka ni har bakin matakala.

Ba zan faɗi yadda muka yi kuka ni da Yaya ba. Ta shafa fuskata da hannu ta ce na tsufa, na ce ita ma ba amarya na tarar ba. Muna cikin haka Rawan ta fito. Doguwa, siririya, kamar Maryam da na sani a hoto ce ta dawo, da wasu fararen abubuwa toshe a kunnuwanta. Ni kuwa na yi mata irin tarbar da kaka ke yi wa jika a wurinmu. Na ce, "Ke ce Rawan ɗin? Kai, wannan mummuna wa zai kwasa? Dubi wuya kamar na zalɓe." Yarinya ta tsaya cak, idonta ya cika da hawaye, ta juya. A bakin ƙofa kuma ga akwati a tsaye, an riga an zuge shi.

Ta dawo da butar gahawa da wani ɗan kofi da bai wuce murfin kwalba ba. Ta zuba mini abin da ko tsuntsu ba zai jiƙa maƙoshi da shi ba. A Kura in ka ba baƙo haka ai ka kore shi ne. Na shanye na miƙa mata kofi, ta sake zubawa. Na shanye na miƙa, ta sake. Ɗaci kamar maɗaci, amma na ce ba yarinyar da za ta ga gazawata. Har zuciyata ta fara bugawa kamar ta kaza kafin na ga gefen bakinta ya motsa. Ta kama hannuna da kofin ta girgiza shi kaɗan.

"Haka, Sitti. In kin yi haka, halas. Ba ƙari."

Sitti shi ne kaka a bakinsu. Ashe tana jin Hausa sarai, yin ta ne take da ƙyar, tana cike gurbin da Larabci.

Da ta shiga ciki na tambayi Yaya abin da ya haɗa su. Ta ce yarinyar ta cika bango da hotunan wasu samari masu jan baki kamar mata, da na wani dattijo mai gilashi. Ita kuma ta ji wa'azi cewa mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto, sai ta bari Rawan ta tafi makaranta ta laluba bangon da wuƙa ta kankare su tas.

Na ce, "Yaya, ke da ba ki gani, me hoto ya tsare miki?"

"Mala'ikun ai suna gani."

"To daga nan fa?"

"Daga nan ta daina yi mini magana. Magani za ta ɗiga mini, abinci za ta ajiye mini, na'am da la, wato i da a'a, shi ke nan. Ko tsokanarta na yi sai ta shige ɗaki ta yi kuka. Ran Alhamis ubanta zai zo."

Na tashi na bi yarinyar ɗaki da niyyar sauke abin da na ɗauko tun daga Kura. Tana zaune bakin gado tana kaɗa kai. Na fizge abin kunnen guda ɗaya na ce bari in ji shaiɗanin da ke raba jika da kakarta, na cusa a nawa kunnen. Da farko hayaniya ce kawai, ganguna da wani namiji yana zuba magana da sauri kamar ɗan kamasho a tasha. Sai komai ya lafa. Sai na ji katako yana sauka a kan tufa.

Ku da kuka tashi a Kura kun san abin da nake nufi. Ubanmu mai bugu ne. Shi da ƙaninsa Baffa Sale suke zama fuska da fuska a rumfa, gungume a tsakaninsu, an naɗe shadda a kai, wannan ya sauke mabugi wancan ya amsa, har tufar ta yi ƙyalli kamar an zuba mata mai. Da wannan ƙara aka yaye ni. Ko a kabari na ji ta zan gane. To ga ta a kunnena, a Makka, a cikin waƙar wani mutumin da ban san inda ƙasarsu take ba. Faɗan da na ɗauko ya bi iska. Na ce, "Ke, wane ne wannan? Ina ya samo bugu?" Ta karɓe abinta ta juya mini baya.

Na koma masauki abin yana cina. Washegari da hantsi na hau saman otal shanya kaya, ina buga sautin a gefen bokiti ba tare da na sani ba. Akwai wata 'yar Indunusiya da muke haɗuwa a wurin, gajera mai kumatu, sa'ar ƙanwata, Ibu na ji 'yan'uwanta suna ce mata. Ban ankara ba sai na ji tana tafi, kuma ba tafin banza ba, daidai inda bugun ke ɗan tsayawa nan take saka nata. Na tsaya, ta tsaya. Na ci gaba, ta ci gaba, har da rera waƙar da 'yar muryarta. Ta ciro farin hankici ta ɗaura a wuyan hannu ta ɗaga sama, tana dariya tana rufe baki tana astagfirullah. Ba na jin yarenta ba ta jin nawa. Na sauko ina cewa a raina, wannan mutumi ko waye shi, ya shiga gidaje da yawa.

Don haka da na koma Mansur ban je da faɗa ba. Na tsaya na sayi tsire, na samu Rawan a kicin tana dafa wata taliyar Koriya ja wur, na zauna a kan buhun shinkafa na ce, "Ni jahila ce a wannan fanni, kuma na saba zama gaban yara su koya mini. Malamar ajinmu sa'ar jikata ce. Ba ni labarin mai gilashin nan."

Ta dube ni tana neman inda tarkon yake. Ta zuba mini taliyar, da wani kabeji da suke barinsa ya yi tsami a tulu. Na ɗanɗana na ce wanda ya ci wannan ba shi da bakin zagin daddawa. Ta yi dariya, daga nan bakinta ya buɗe.

Ta faɗi sunansa sau da yawa, ya ƙi zama a harshena, saboda haka ni Mai Gilashi nake ce masa. Ga abin da na fahimta, Hausa rabi Larabci rabi, sauran kuma hotuna a waya. A wani gari na bakin teku aka haife shi, kakarsa ce ta rene shi, wankau take yi wa mutane. A ƙasarsu kuma, ku ji ikon Allah, bugu aikin mata ne. Mace biyu za su zauna fuska da fuska da 'yan sanduna, dutse mai santsi a tsakaninsu, su yi ta bugun tufa har ta miƙe. Yaron ya taso da son jita. Kakar ta ce iskanci ne, ta karya ta farko da ya samu. Ya gudu babban birni yana yi wa baƙi waƙoƙin Turawa a gidajen rawa.

"A zamanin, Sitti, waƙar Koriya ta tsofaffi ce. Kuka, kuka, a hankali. Shabab, samari, duka waƙar waje suke ji. Suna cewa yarensu ba ya rawa."

"Yare ba ya rawa? Wa ya faɗa musu?"

"Haka suke gani. Shi ne na farko ya ce la. Ya ɗauki kiɗan waje mai sauri ya sa yarensu a kai. Kuma ba yaren birni ba, na garinsu, wanda ake yi wa dariya."

Gidajen rediyo suka ƙi sakawa, wai hayaniya ce. Sai masu tura kaset a baro suka ɗauka, 'yan makaranta suna kwafa suna ba juna. Kafin manya su farga, duk yaran ƙasar sun haddace. Ya yi waƙa a kan yaran da karatu ya hana barci, ya yi a kan iyayen da ba sa tambayar ɗa sai sakamakon jarrabawa. Yana ɗaura wani farin ƙyalle a wuyan hannu, guntun ɗankwalin kakarsa da ya gudo da shi, sai yara suka kama ɗaurawa har makarantu suka hana. Nan na gane hankicin Ibu. Daga baya ya tara yara yana koya musu waƙa da rawa, su ma suka koyar da wasu, to su ne samarin nan masu jan baki da duniya ke hauka a kansu yau. Ta nuna mini wani taro inda suka jeru, kowanne ya fi shi kyau da tsawo, suka duƙa masa har goshinsu ya kusa taɓa gwiwa. Na ce ko ba komai suna da ladabi, ba kamar mawaƙan da na sani ba, da yaro ya yi kaset ɗaya sai ya fara yi wa ubangidansa habaici.

"To bugun fa?"

Ta ce yana tsakiyar tashe sai aka neme shi aka rasa. Ashe gida ya koma, kakar ba lafiya. Bai ce mata ta ji waƙarsa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya dai roƙe ta ta yi masa bugu, ya ajiye na'ura ya ɗauka. A kan wannan ya gina waƙar da na ji, kuma ita ce ta ƙetare teku.

"Da tsohuwar ta ji me ta ce?"

Rawan ta juya taliyarta da cokali. "Ba ta ji ba. Ta mutu kafin ta fito."

Na dubi akwatin da ke bakin ƙofa, ita ma ta dube shi. Na ce, "Tashi ki ɗauko wayar, ki cire abin kunnen."

"Sitti Hajara za ta ce haram."

"Ta ce. Ni ƙanwarta ce, na saba."

Yaya tana zaune kan darduma da carbi. Da ganguna suka fara ta ɗaga murya, "Asabe! Faɗa na ce ki yi mata, ba ki zo ki buɗe mini gidan gala a ƙasa mai tsarki ba!" Na ce, "Yi shiru ki ji, in ba ki ji abin da na ji ba ni da kaina zan jefa wayar a kwata." Sai gangunan suka lafa.

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta karkata kai irin na wanda ido ya bari, kunne ya gaje shi. Da wurin bugun ya wuce ta ce wa Rawan:

"Mayar."

Rawan ta mayar.

"Wannan ba namiji ba ne, hannun ba nauyi."

"Mace ce, Sitti. Kakarsa."

"Mace? A can mata ake bari su yi bugu?" Ta juyo inda take zaton nake. "Kin ji ko, Asabe? Ni sau nawa Baba ya make mini hannu don na taɓa mabugi? Wai ba aikin mata ba ne. Ni kuwa na fi Baffa Sale jin bugun nan, a turmi nake ramawa." Ta sake cewa a mayar. A wannan karon ta ɗaga yatsa. "Ita kaɗai ce. Ji, tana saukewa tana barin gurbi, ba mai shiga. Bugu ai na mutum biyu ne. Ina abokiyar bugunta?"

Rawan ta ce ba ta sani ba, ba a taɓa faɗa ba. Amma ta nemo wani hoton bidiyo ta ƙara sauti. Fili ne cike da mutane iya ganin ido, kowa da farin ƙyalle a hannu, Mai Gilashi ya tsufa yana tsaye a gabansu yana saurare. Bugun tsohuwar na fita, kuma duk inda ta bar gurbi sai filin nan gaba ɗaya ya amsa da tafi, kamar saukar ruwa a kan kwano. Rawan ta bayyana wa kakarta abin da ke faruwa, kuma na lura wannan ce magana mafi tsawo da ta yi mata tun zuwana.

Yaya ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "To ai ya samo mata masu amsawa. Sai dai ya makara." Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Asabe, akwai tufa a jakarki?"

Akwai. Shaddata ce ruwan toka da na ajiye don ranar sauka, na ɗauko ta ne in kai guga. Maƙwabciyarsu Hajiya Ta Maraɗi mai fura ta ara mana taɓaren dakan yaji guda biyu, aka ciro katakon yankan nama, aka yayyafa wa shaddar ruwa aka naɗe. Na miƙa hannu zan ɗauki taɓarya ɗaya, Yaya ta ji motsina ta ce, "Ba ke ba. Ke tun kina yarinya hannunki kamar na mai faskare." Ta tura ta wajen Rawan.

Haka 'yar mai bugu ta yi bugunta na farko, da furfura, a wani ɗaki a Mansur. Ta sauke, ta bar gurbi. Yarinyar ta makara. Ta sauke, yarinyar ta riga ta, taɓare suka haɗu a sama. A na gaba yarinyar ta sauke a kan kaifin katakon, na ji shaddata ta ce ɓarr.

"Kai, wannan sakarya!" in ji Yaya. "Hannu kamar na kuturun ƙadangare. Wa zai aure ki?"

Fuskar Rawan ta canza, ta fara ajiye taɓarya. Na kama hannunta. Na ce, "Tsaya. Ba wanda ya taɓa gaya miki? A wurinmu kaka da jika abokan wasa ne. In ta zage ki so ne, kuma ba a kuka, ramawa ake yi. Ni ma da na ce miki mummuna jira nake ki rama, kika bar ni da kayana."

"In rama? Ga Sitti? Aib!"

"Ba aibu. In ba ki rama ba ne ma kin wulaƙanta ta."

Na juya kan Yaya na ce, "Ke kuma shekara da shekaru kina wasa da yarinya ba ki gaya mata wasa ba ne? Ina za ta sani, a makarantar Larabawa?" Yaya ta ce ita ta ɗauka a jini yake.

Rawan ta dubi kakarta, ta harhaɗa Hausarta da ƙyar kamar mai tsallake kwata. "Ke ce... mummuna. Tsohuwa. Haƙori biyu bas."

Yaya ta yi dariyar da ban ji ba tun muna 'yan mata, har haƙoran biyu suka fito fili suka ba da shaida. Ta ce, "Uku ne, 'yar banza, akwai na ciki. Ɗauki ki amsa." Suka ci gaba. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya yi daɗi ba, Baba da ya ji da ya kore su daga rumfa. Amma kafin la'asar sun fara haɗuwa, har Hajiya Ta Maraɗi ta leƙo tana guɗa ƙasa-ƙasa. Rawan ta jingine wayarta a jikin buta tana ɗauka.

Ran Alhamis ina nan uban ya zo, mutumin kirki, jikan Sakkwatawa ne amma Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Ya tsaya a ƙasa da mota ya yi hon. Akwatin na nan bakin ƙofa inda na fara ganinsa. Yaya ta zauna ta juya fuska ga bango tana jan carbi da sauri. Rawan ta sa abaya ta sauka, ba ta ɗauki akwatin ba, amma ban saki rai ba, na ce ƙila shi za ta turo ya ɗauka. Na leƙa ta taga ina ganinsu suna magana, ta nuna masa wani abu a waya, ya sa a kunne ya daɗe. Sannan motar ta tashi. Muka ji takunta a matakala.

Ta shigo ta ja akwatin zuwa ɗaki, ƙafafunsa suna ƙara a kan siminti. Yaya ba ta juyo ba, ta ce wa bango, "Wace ce wannan mai jan kaya kamar ɓarauniya?"

"Ni ce, ke mai haƙori uku. Lokacin magani."

Ban ce ta fasa har abada ba. Yarinya ce, akwai karatu gabanta, akwai aure. Hotunan da ta sake samowa ma ba su koma bango ba, sun daidaita a kan ta ajiye su cikin kabad, wai mala'iku ba sa buɗe kabad, fatawar Yaya ce ba tawa ba. Mai Gilashi kuma har yau ba ta yarda waƙarsa halal ba ce, wurin bugun kawai take cewa a mayar mata.

To wannan shi ne hujin da kuka gani a hannun shaddata, kuma ba zan ɗinke shi ba, masu ba ni shawarar tela ku huta. Shekaranjiya Rawan ta aiko mini da saƙon murya. Ba magana a ciki, bugu ne, hannu biyu, ba gurbi ko ɗaya. A ƙarshe sai muryar Yaya tana cewa ta gaji da taɓaren Hajiya Ta Maraɗi, mai su ma tana nema. Na je rumfar jikokin Baffa Sale na sa an sassaƙa mini mabugi na gaske. Da suka ji mata ne za su riƙe suka fara gunaguni, na gaya musu abin da ya sawwaƙa. Duk wadda za ta tafi Umara a cikinku ta rage wuri a jakarta. Guda biyu ne, kuma suna da nauyi.